Takalmin Gunya da Tafiyarmu Ɗa'ifa

Kafin in fara ina neman afuwa. Wata biyu ke nan da dawowarmu, kuma ban riƙe littafin rubutu a hanya ba, saboda haka mai yiwuwa ne na haɗa abin safe da na yamma, ko na sa maganar wani a bakin wani. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda suka san unguwarmu ta Mansur a Makka sun san dalili. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da take yawo a unguwa, wai tsohon maƙerinmu ya gurgunta goɗiyarsa da hannunsa a Ɗa'ifa, ya buga mata ƙusa ta shiga nama. Tun da maganar ta fita masu amalanke suka fara janye dabbobinsu daga rumfarsa. Ina wurin aka yi komai, don haka zan faɗi yadda tafiyar ta kasance tun daga farko.

Mun tashi da asuba, in ban manta ba ranar Lahadi ce, bayan mun yi salla a masallacin unguwa. Mu uku ne, sai goɗiya. Akwai maƙerin, wanda duk muke ce wa Baba, mutumin ƙasar Sakkwato ne da ya zo hajji a ƙafa ta Sudan tun kafin a haife ni, ya zauna yana yi wa dawaki da jakuna takalmin ƙarfe. Akwai wani tela ɗan Damagaram, shekararsa takwas a Makka, wanda ya fi kowa a cikinmu iya zaman sirdi. Sai ni, haifaffen Mansur, malamin makaranta a Utaibiyya, ana ce mini Ustaz saboda na yi karatu a Alƙahira na dawo da takardar shaida. Goɗiyar kuwa Gunya muke kiranta saboda launinta. Baba ya saye ta a hannun wani mai amalanke tana ƙashi da fata, ya yi shekara shida yana kiwonta kamar 'yarsa.

Ya kamata in bayyana abin da ya kai mu. A farkon bazara labari ya zo cewa wasu hafsoshi da suka koyo hawa a ƙasashen waje za su yi gwajin dawaki na kwana uku a Ɗa'ifa, kuma sun bar ƙofa a buɗe ga wanda ba soja ba. Ba sukuwa ba ce irin wadda muka sani. Ranar farko ana duba ladabin doki, yadda yake bin umarnin mahayi a cikin ɗan fili. Rana ta biyu a shiga daji da gudu ana tsallake shingaye da ramuka. Rana ta uku a dawo fili a tsallake sanduna. An kuma ce, ko da yake ban tabbatar ba, waɗanda suka yi fice za a riƙe su a horar da su don manyan gasa na waje. Baba bai damu da wannan ba. Shi burinsa guda ne, ya ga goɗiyar da ya tayar daga bakin mutuwa ta bi hanyar da dawakin manya suke bi, ta fito a ɗaya ƙarshen.

Matsalar ita ce takardar shiga tana neman lambar ikama, wato izinin zama, ko shaidar zama ɗan ƙasa. Takardun Baba da na tela ba su cika ba. Ni kaɗai nake da abin da ake nema, don haka sunana aka rubuta a matsayin mahayi. Ban ƙi ba, kuma dole in faɗi cewa ban so in ƙi ba. A Alƙahira na taɓa ɗaukar darasin hawa sau goma ko ƙasa da haka, amma a majalisar shayi ta rumfar Baba waɗannan darussa sun yi ta girma a bakina har suka zama kamar shekara biyu. Ina kuma da wani littafi na Larabci mai hotuna a kan irin wannan gasa, ni nake karanta musu ina fassarawa. Kowace Juma'a bayan la'asar mukan fita bayan gidajen Rusaifa inda fili yake, mu jera garewanin kananzir, mu gitta gora a kai, Gunya ta yi ta tsallakewa. In ƙafarta ta taɓa, gorar ta faɗi, mu yi dariya mu mayar. Akwai layi ɗaya a littafin da na karanta a zuciyata ban fassara ba. Layin yana cewa shingayen rana ta biyu ba sa faɗuwa.

Motar da muka samu ta wani Bayamane ce mai sauko da kayan lambu daga Ɗa'ifa, ya koma babu komai. Mun zuba yashi da ciyawa a bayanta, muka jingina ta da wani tudu, Gunya ta shiga bayan ta yi mana gardama kamar ta rabin sa'a. Baba ya ce shi a baya zai tsaya da ita. Ni da tela muka matsu a gaba kusa da direba, wanda bai daina taunar wani abu ba tun daga Makka har muka isa. Mun bi ta Mina, babu tanti babu kowa, sai awaki. Arfa ma haka, fili fetal, har mutum ya riƙa mamakin ina dubban jama'ar nan suke samun wurin tsayawa. Daga nan dutse ya tare gabanmu, muka kama sabuwar hanyar da aka fasa a jikinsa, wadda ba a daɗe da buɗewa ba.

Wanda bai bi wannan hanya ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Mota tana hawa tana juyawa, ka leƙa ta taga ka ga inda ka baro a ƙarƙashin ƙafarka, ka ɗaga kai ka ga inda za ka a saman kanka. Kunnuwana suka toshe. Telan nan da ba ya tsoron kowane irin doki ya runtse ido ya riƙe hannuna, duk addu'ar da ya sani sai da ya karanta, har da ta shiga kasuwa. Direba yana dariya yana ce masa, “Ya hajji, buɗe ido, ai kuɗin kallo ka biya.” Ni kuwa na yi ta ba shi haƙuri ina yi masa bayanin yadda injiniyoyi suke auna irin wannan hanya. Ina tuna yadda na ji daɗin kaina a lokacin, na ɗauka ni ne jarumin tafiyar.

A wata gahawa, wato wurin shan shayi, da ke kusa da ƙarshen hawan muka tsaya karin kumallo. Iska mai sanyi ta buge mu, irin wadda ɗan Makka ba ya samu sai a mafarki. Mun ci wake da man zaitun da burodin tamis mai zafi, muka sha shayi da na'ana'a. Birai sun cika duwatsun wurin, ba sa tsoron mutum ko kaɗan. Wani babba ya sauko ya ɗauke rabin burodin tela daga kan tabarma, ya koma kan dutse yana ci yana kallonsa. Baba ko zama bai yi ba, ya jiƙa tsumma yana goge wa Gunya gumi, yana duba ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Daren da za mu tashi ya yi mata sababbin takalma, ya ce a duk shekarunsa na sana'a bai taɓa buga waɗanda suka zauna kamar su ba.

Ɗa'ifa gari ne mai lambuna, ga rumman ga inabi a bakin hanya, kuma abin da za ka ba da a Mansur a ba ka rumman uku, a can sai a cika maka ƙunshi. Ciyawar barsim ɗanya shar, Gunya ta sa kai a ciki kamar ba za ta ɗago ba. Filin gwajin yana bayan gari. Da muka sauke ta sai na ga dawakin da aka kawo. Dogaye ne, kowanne da bargonsa da mai kula da shi, mahayansu da takalma har gwiwa suna ƙyalli. Abin da ya kwantar mana da hankali shi ne yawancin masu kula da dawakin 'yan uwanmu ne Hausawa, wasu ma daga Mansur. Suka tarbe mu da murna, suka ba mu wuri a ƙarshen layi ƙarƙashin wata bishiya, suka yi ta zuwa kallon goɗiyar Baba. Da yawansu shi ya koya musu riƙe kofato. Na ambaci wannan ne domin a gane a gaban wa abin ya faru.

Ranar farko ta wuce lafiya, ko in ce ba ta yi muni kamar yadda na zata ba. Tela ya ɗinka mini wando daga hoton littafin, mai faɗi a cinya, sai dai ya ƙara masa faɗi har ya zama kamar ina ɗauke da salka biyu. Na shiga filin, alƙalai uku suna zaune a tebur. Gunya ta tsaya ta ƙura wa teburin ido, ina jin ba ta taɓa ganin mutum da fararen safar hannu ba. Na manta zagaye ɗaya, aka buga ƙararrawa, na koma na yi. Mun zo na biyu ko na uku daga ƙasa. Amma da na fito na tarar da Baba yana share ido da gefen rawaninsa.

“Ta shiga ta hita, ba ta ba mu kunya ba,” in ji shi. “Gobe ne nata, ɗana. Gobe za su san wa munka kawo.”

Al'adar wannan gasa ita ce bayan la'asar mahaya su bi hanyar gobe a ƙafa, su ga kowane shinge da idonsu, domin doki ba a yarda ya gani ba sai ranar. Mu uku muka bi sahun hafsoshin. Shinge na farko gungumen itace ne an ɗaure shi da sarƙa a jikin turaku. Na uku rami ne an cika shi da ruwa. Na shida, ko na bakwai, katanga ce ta dutse da siminti, tsayinta ya kai mini haƙarƙari, kuma a bayanta ƙasa ta gangara, wato doki zai tashi bai ga inda zai sauka ba. Tela ya ciro awonsa na ɗinki ya auna, sannan ya sa kafaɗa ya tura ta.

“Ustaz, wannan fa ba garwa ba ce,” ya ce yana dariya. “Wallahi ko raƙumi ya buge ta, raƙumin ne zai faɗi.”

Baba ya juyo ya dube ni. “Littahin bai hwaɗi haka ba?”

Na ce ban tuna ba. Wannan ita ce ƙaryata ta farko a tafiyar.

Baba ya zagaya bayan katangar, ya taka gangaren, ya dawo ya ƙirga taku daga nesa. Ya ce za ta iya, ya ga ta tsallake abin da ya fi haka ranar da kare ya kore ta a Rusaifa. Ya ce abu ɗaya kawai, in na zo kusa kada in ja linzami, in sakar mata kai in dubi gaba. Ina jin sa ina gyaɗa kai, amma abin da nake gani shi ne gefen dutsen nan da wuyana. Na tuna mahaifiyata, na tuna ajina. Na kawo wa kaina dalilai masu kyau da yawa a kan hanyar komawa, kuma ba na cewa duk ƙarya ne. Sai dai babu ko ɗaya da na furta. Da na buɗe baki a lokacin na ce tsoro nake ji, da wannan rubutu bai zama dole ba.

Da safe bayan mun karya, Baba ya ɗaura sirdi ya ja majayi, ya ce in ɗan zagaya da ita ta warware. Na ja ta da ragama kamar taku ashirin na dawo. Na ce ina ganin kamar tana ɗingishi a ƙafar gaba ta hagu.

Baba ya karɓi ragamar ya miƙa wa tela, ya ce ya yi sassarfa da ita, shi kuma ya tsuguna yana kallo. Ta tafi ta dawo, ƙafa huɗu suna sauka daidai kamar ana buga ganga. Ya sa aka sake. Ya ɗaga kofaton, ya ƙwanƙwasa da guduma, ya shafa jijiyar da tafin hannunsa. Sannan ya ɗago ya dube ni, ba ƙafar ba, ni. Ban san tsawon lokacin ba, wataƙila bai kai yadda nake ji ba.

“Wane ɗingishi?” in ji tela. “Ustaz, ko tabaranka ne ke ɗingishi? Lafiyarta lau!”

Na ce littafin ya yi bayanin wani irin ɗingishi na ɓoye wanda ba ya fitowa sai an yi gudu, kuma in aka matsa wa doki a haka yana iya karyewa. Na kawo kalmomin Larabci biyu ko uku masu nauyi. Tela ya dube ni sama da ƙasa, na ga ya gane.

“Tayyib, na ji,” ya ce. “Ba ni rigar da lambar. Hula za ta rufe fuska, wa zai bambanta baƙi da baƙi a guje? In na fito ka karɓi tafin.”

Na ce ba zai yiwu ba, in aka kama shi tambayar takarda za a fara yi, ƙarshenta a sa shi jirgin ruwa a Jidda a mayar da shi gida. Wannan gaskiya ne, har yau ina ganin gaskiya ne. Amma na san ba don shi na faɗa ba. Na faɗa ne domin in ya hau ya tsallake, kowa zai san goɗiyar ba ta da komai.

Dokar wurin ita ce wanda zai janye dokinsa saboda ciwo sai likitan dabbobi ya gani ya sa hannu. Aka aika a kira shi. A nan ne hankalina ya tashi, domin na san minti biyu sun ishe shi ya gane, kuma ga 'yan uwanmu masu kula da dawaki sun fara taruwa suna tambayar me ya faru. Ina tsaye ina neman abin da zan ce, sai na ga Baba ya buɗe jakar kayan aikinsa. Ya ɗauki ƙafar hagun ya sa tsakanin gwiwoyinsa, ya miƙe bakin ƙusoshin, ya sa awartaki ya ɓanɓare takalmin nan da ya ce bai taɓa buga irinsa ba. Wanda ya san doki ya san abin da wannan ke nufi. Dabbar da ta saba da takalmi, in ka cire mata ɗaya ka sa ta taka tsakuwa, dole ta ɗingisa. Filin kuwa duk tsakuwa ne.

Likitan ya iso, wani ɗan Sudan ne mai gaggawa, dawaki da yawa suna jiran sa. Aka ja Gunya, ta taka, kanta yana sunkuyawa a kowane taku. Ya tambaya da Larabci wa ya yi mata takalmi. Baba ya ce shi ne. Ya ce ƙusa ɗaya ce ta kauce ta taɓa nama, shi ya sa ya cire. Likitan bai ko duƙa ba. Ya ce tsoho irinka, da furfura, ka lalata dabba ranar gasa, in hannu ya fara rawa ai sai a ajiye guduma. Ya faɗi haka da ƙarfi a gaban mutanen da Baba ya koya wa aiki. Ya juyo gare ni ya ce, “Ma'alesh ya Ustaz, ba laifinka ba ne,” ya sa hannu a takardar ya wuce. Na karɓi takardar. Har godiya na yi masa.

Tela ya tafi can gefe ya zauna ya juya mana baya. Ni da Baba muka tsaya a bakin igiya muka kalli gasar, domin babu inda za mu. Na ga dawaki sun tsallake katangar kamar ba komai, na ga mutum biyu sun faɗi a ramin ruwa sun tashi suna tsiyaya, wani kuma an ɗauke shi da karayar kafaɗa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani hafsa mai gashin baki. Ya zo katangar sau uku, sau uku yana jan linzami da kansa, kowa yana gani. A na ukun ya sauka, ya shafa wuyan dokinsa, ya ce da abokansa da ƙarfi, “Dokin yana so, ni ne ba na so.” Suka yi dariya, shi ma ya yi, wani ya miƙa masa ruwa. Shi ke nan. Ba wanda ya tsine masa, ƙasa ba ta tsage ba. Baba yana gefena, na san ya ji, amma bai juyo ba. Duk dokin da ya nufo katangar sai in ga hannunsa yana sakin linzamin da babu shi.

Ba mu tsaya rana ta uku ba. Kafin mu loda ta Baba ya mayar mata da wani takalmi, ta taka garau. Tsohon takalmin kuwa ya jefa a jaka, ni kuma na ciro shi a ɓoye na sa a aljihun wandon nan mai faɗi, ban san dalili ba a lokacin. Bayamanen ya bar mana wuri a bayan akwatunan inabi, kuma ina jin Gunya ta rage masa kaya kafin mu sauka. A mikatin da ke kan hanya Baba ya ce a tsaya, tun da Allah ya fito da mu lafiya sai mu shiga da umra. Muka yi wanka muka ɗaura harami. Ban taɓa jin nauyin yadi biyu kamar ranar ba. Muna gangarowa ana talbiyya, zafin Makka yana tasowa yana tarbarmu, tela bai ko runtse ido ba a wannan karon, kuma bai riƙe hannuna ba.

Mun kai Gunya gida muka wuce Harami, ta cikin ƙurar gine-ginen da ake yi na faɗaɗawa. A Safa da Marwa, wurin da maza suke sassarfa, Baba ya yi ta jan ƙafarsa ta dama, gwiwar da ta daɗe tana damunsa, tsayuwar mota ta tayar da ita. Ina bayansa ina kallon ɗingishi na gaske. Na yi niyyar in yi masa magana a Marwa, na yi niyya a wurin aski, na yi niyya a ƙofar gidansa. Abin da na iya cewa kawai shi ne sai da safe.

Labari ya riga mu isowa, ko ya biyo mu da kwana biyu. Ni aka yi ta yi wa jaje, ana cewa tsoho ya ɓata wa Ustaz dama. Na karɓi jajen. Mako uku ina wucewa ta gaban rumfar ina ganin layin jakuna yana raguwa, har ranar da na ga wani mai amalanke da ya shekara ashirin yana zuwa wurin Baba ya ja dokinsa ya nufi wurin wani maƙeri a Rusaifa. Ranar na shiga. Na same shi yana gyara ƙusoshin da babu wanda zai buga wa. Na ce, “Baba, zan faɗa musu.”

“Ka hwaɗa musu mi?” in ji shi. “Kai malami ne, yara na kallon bakinka. Ni tsoho ne, ko yau ko gobe hannun zai yi rawar da gaske. Bar shi, halas, ya wuce.”

Na ce me ya sa ya yi. Ya ce shi ya ɗora ni a kan abin da ya fi ƙarfina saboda son ransa, ya ga fuskata a gaban katangar tun da yamma, ya yi kamar bai gani ba. Ya zuba mini shayi. Wannan ya fi mini zafi fiye da a ce ya zage ni, kuma na bi maganarsa na ƙara makonni ina shiru, domin shirun ya yi mini daɗi. Tela ne ya tare ni a bakin shagonsa ya ce, “Ustaz, kai da ka iya fassara, yaushe za ka fassara mana wannan?”

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa, kuma ban tabbata na gama koyonsa ba. Na gane cewa sha'awar babban fili daban, shirin shigarsa daban, kuma mu da muke hawa ranar Juma'a don nishaɗi ba laifi ba ne mu yi mafarki, ba laifi ba ne kuma mu ji tsoro. Tsoron da na ji a gaban katangar ba na jin kunyarsa sosai yanzu, na ga wanda ya fi ni ya ji shi. Abin da nake jin kunya shi ne na nemi inda zan ajiye tsoron, na ajiye shi a ƙafar dabbar da ba ta magana, wani kuma ya ɗauke shi ya sa a kan sana'arsa. Baba bai san na rubuta wannan ba, kuma ina zaton ba zai ji daɗi ba. Na roƙi tela ya karanta shi a majalisar rumfa ranar Juma'a, ni ma zan zauna a wurin.

Waɗanda suka halarci Ɗa'ifa, musamman 'yan uwa masu kula da dawaki da suka tsaya a kanmu da safen nan, ina roƙonku duk inda na yi kuskure ku aiko mini da gyara, ko ku same ni a rumfar Baba. Wataƙila katangar ta shida ce ba ta bakwai ba, wataƙila ba haka likitan ya jera kalmominsa ba, wataƙila ranar Litinin muka tashi. Duk wannan zan karɓa in gyara da godiya. Abu ɗaya ne ba na neman gyara a kansa. Takalmin yana wurina da ƙusoshinsa, wanda yake so ya zo ya gani. Ƙusar Baba ba ta taɓa nama ba, Gunya ba ta yi ɗingishi ba, ni ne na ji tsoro. Ku mayar masa da dabbobinku.